Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Tarakta Ta Kasa Riƙe Garma?

Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita ce muke bugawa a nan, saboda wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa, da kuma wanda ya ji amma yana so ya ajiye takardar ya nuna wa bakanikensa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji manomi a yankin Funtuwa. Ya ce shi da ƙannensa biyu suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar tarakta Massey Ferguson 375, suna nome gonakinsu, suna kuma ba da haya. To yanzu da safe tana ɗaga garma lafiya lau, amma da rana ta take sai ta riƙa ɗagawa da ƙyar. In direba ya ɗaga ya tsaya, sai garmar ta sauka kaɗan ta koma sama, ta sauka ta koma, kamar mai shaƙuwa. In kuwa an kashe inji, kafin a gama shan ruwa garma ta kwanta ƙasa. Ya duba ƙarƙashin taraktar bai ga mai yana zuba ba. Wani bakanike ya ce masa famfo ne ya mutu, sai an sayi sabo. Ga ruwa ya sauka, ga mutane sun ba da kafin alƙalami suna jiran a je gonarsu. Shi ne yake tambaya, ya sayi famfon ko kuwa?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka fitar da kuɗin famfo tukuna. Yana yiwuwa famfon ne, amma alamun da ka lissafa sun fi nuna yoyo ne na cikin ciki, kuma sau da yawa abin da ke kawo shi ɗan zoben roba ne ko ɗan bawul wanda kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin famfo ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Yadda abin yake aiki

Lokacin da muke koyarwa a aji, da sirinji biyu da ɗan tiyo muke nuna wa yara wannan darasi. Ka cika su da ruwa, ka danna ɗaya, sai ɗayan ya turo. Dalili shi ne ruwa ko mai ba ya matsuwa kamar iska. In ka danne shi a nan, ƙarfin zai isa ko'ina a cikin mazubin daidai wa daida. Wani masani Bafaranshe, Paskal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida. Shi kuwa tsarin rataya garma a hannuwa uku a bayan tarakta, mai ya ɗaga ta ya sauke ta, aikin Harry Ferguson ne, mutumin Ailan ta Arewa, kuma taraktar farko mai wannan tsari ta shiga kasuwa a 1936. Sunansa ne a jikin taraktarka.

Abubuwa huɗu ne ke yin aikin: mai, da famfo mai tura shi, da bawul-bawul masu buɗe masa hanya su rufe, da silinda mai fistin a ciki wanda man ke turawa, shi kuma ya ɗaga hannuwan. Yawancin taraktocin noma suna aiki da matsi tsakanin ba 170 zuwa 210, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da 'yan kai. Matsin ba 170 a kan fistin mai faɗin inci 3 ya kai nauyin kusan tan 8, wato kamar buhun masara 78. Ba duka ne ke isa ga garma ba, domin tsawon hannuwan yana rage shi, amma ka ga irin ƙarfin da ke neman hanyar fita. Ƙofar da ba ta kai kaurin gashi ba ta ishe shi.

Bawul uku ya kamata ka sani. Akwai bawul ɗin sarrafawa, wanda liba ke motsawa, shi ke cewa mai ya shiga, ya tsaya ko ya fita. Akwai bawul mai hana komawa, ɗan ƙwallo ne ko ɗan murfi da sifirin a bayansa, mai ya wuce gaba amma ba ya dawowa. Sa'an nan akwai bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa in nauyi ya yi yawa, ya zubar da man cikin tanki don kada wani abu ya fashe. Duk lokacin da garma ke rataye a sama, waɗannan ukun da zoben fistin su ne ke tsare da man. Ɗaya ya yi sake, garma ta sauka.

Yoyo iri biyu ne

Akwai na waje, wanda ido ke gani: bakin tiyo, gindin noti, gaskit, ko sil na sandar da hannuwan ɗagawa suke. Kada a raina shi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in ka lissafa, ya haura lita 1 a aikin awa 8, kuma ta inda mai ya fita ta nan ƙura ke shiga.

Akwai kuma na ciki, shi ne naka Alhaji. A Massey Ferguson man giya da na ɗagawa ɗaya ne, famfon ma yana nutse ne a cikin man, a ƙarƙashin kujerar direba. Saboda haka in mai ya kuɓuce wa bawul ko fistin, komawa yake yi cikin tankin da ya fito. Ƙasa ba za ta jiƙe ba, man ba zai ragu ba, amma ƙarfi ya tafi. Shaƙuwar nan da ka ce kuwa, taraktar ce ke gyara kanta: garma ta sauka kaɗan, sandunan da ke ciki su ji, su buɗe wa famfo hanya ya mayar da ita, ta sake sauka. Abin da ya sa kuma ciwon ke tsananta da rana, mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi kamar man shanu a wuta. Ƙofar da ya kasa bi da sanyin safiya, da azahar wucewa zai yi salin-alin.

Kafin a taɓa sifana

A nan zan ja kunne, domin rai ya fi garma. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma ko haro ko tirela da mai kaɗai ke riƙe da su, balle taraktar da aka san tana da yoyo. A kori yara daga wurin. In aikin ya tilasta a bar kaya a sama, a tokare da kututture mai ƙarfi.

Kafin a kwance kowane noti ko tiyo, a sauke kaya ƙasa, a kashe inji, a kaɗa libobin gaba da baya don matsin da ya saura ya fita.

Kada a nemi yoyo da tafin hannu. A sa kwali ko ɗan katako a bi jikin tiyon da shi. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana shiga fata kamar allura, matsin ba 7 kacal ya isa ya huda fatar mutum. Wurin zai yi kamar ɗan ƙaya ya soke ka, amma man yana ciki yana kashe nama. Wanda abin ya sama ya tafi babban asibiti nan take, ya gaya wa likita mai ne mai matsi ya shige shi, domin galibi sai an yi aiki an wanke. Wanda ya ɗaure da tsumma ya ce sai gobe, yana iya rasa yatsa ko hannu.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Na farko, duba man. A tsayar da tarakta a wuri mai daidai, a zaro sandar awo. In man ya yi ƙasa, famfo iska zai riƙa zuƙa, ɗagawa ta zama da fizga. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma yawanci ta robar gindin libar giya yake bi in ta yage, tarakta kuma tana kwana a ruwan sama. In yana kumfa, iska ce. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. Ka murza shi tsakanin yatsu. In ka ji ɓurɓushi, to ka gano mai laifi, saura ka gano inda ya yi ɓarna.

Na biyu, duba libobin. Guda biyu ne a gefen kujera, ɗaya ta zurfin huɗa, ɗaya ta tsayin kaya. Sabon direba yakan rikita su ya ce tarakta ta lalace. Lokacin gwaji, a ja ta zurfi can sama, a yi aiki da ta tsayi.

Na uku, duba kuloci. A irin taraktarka hawa biyu gare shi: rabin taku yana tsayar da tafiya, taku har ƙasa yana tsayar da famfo. In hawa na biyu yana zamewa saboda rashin saiti ko faifan ya cinye, famfo ba zai juya sosai ba in nauyi ya hau, sai a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Na huɗu, gwajin sanda. A yi aiki har mai ya yi zafi. A ɗaga garma sama, a kashe inji, a kafa sanda a gefe daga nesa kaɗan, a yi alama daidai tsayin garmar, a duba agogo. Tarakta mai lafiya takan riƙe kaya tsawon lokaci, in ma za ta sauke sai a hankali ƙwarai. Wadda ta kai garma ƙasa cikin 'yan mintoci, yoyon ciki gare ta. Ga abin lura a nan: inji a kashe, famfo ba ya tura komai. Don haka saukar kaya a wannan lokaci magana ce ta masu tsare mai, wato bawuloli da zoben fistin da bututu. Famfon da ya gaji alamarsa daban: yana ɗagawa a hankali ko ya kasa ɗaga mai nauyi, amma abin da ya ɗaga yakan tsaya.

Na biyar, kasa kunne. In hannuwa sun kai ƙarshe a sama ka ji wani kuka siriri bai daina ba, bawul ɗin kariya ne ke buɗe. Ma'anarsa saitin libar ya zarce, famfo yana ta turawa alhali fistin ya kai bango. Wannan na dafa mai, yana kuma cinye bawul ɗin.

Masu New Holland ko Mahindra da makamantansu, da yawa daga cikinsu akwai ɗan abin murɗawa a ƙasan kujera, tsakanin ƙafafun direba, mai rage saurin sauka, in an murɗe shi duka kuma ya kulle man cikin silinda. Ku ɗaga kaya, ku murɗe shi, ku kashe inji. In kaya sun tsaya cak, silinda lafiyarta ƙalau, a nemi laifin a bawul ɗin sarrafawa ko mai hana komawa. In sun ci gaba da sauka, a nemi laifin a sil ɗin fistin ko ɗan bawul ɗin kariya na silindar. Haka kuma wanda ya jona tirela mai juyewa: ya sauke ta, ya cire tiyonta, ya sake gwaji. Wani lokaci ciwon a silindar tirela yake ko a bawul ɗin waje, ba a taraktar ba.

Leƙawa ciki

In gwajin sanda ya tabbatar da yoyo, a nan aikin bakanike ya fara, amma Alhaji ka tsaya a kansa. A gefen dama, ƙasan kujera, akwai murfi zagayayye inda sandar awon mai take. A wanke kewayensa tas, a rage man cikin mazubi mai tsabta har ya sauka ƙasa da bakin murfin, a kwance shi. A ta da inji, a ɗaga garma, a haska tocila. Ido kaɗai ke shiga, hannu ba ya shiga, domin akwai sanda mai juyawa a ciki. Sa'an nan a kashe inji a ci gaba da kallo.

In mai yana tsiyayowa daga sama, daga bakin silinda, zoben fistin ne ya cinye, ko cikin silindar ya karce. Ɗan ɗigo jifa-jifa ba komai ba ne, amma zuba kamar bakin buta laifi ne.

In yana feshi daga saman bututun nan da ke tsaye, mai ɗaukar mai daga famfo zuwa murfin sama, zoben robarsa ne ya mutu, ko bututun ya tsage. Wannan shi ne mafi arahar gyara, domin ta wani ɗan murfi da ke sama ake zaro bututun, ba sai an sauke komai ba.

In sama a bushe take, amma man da ke ƙasa yana motsi kamar tukunya ta fara tafasa, to yoyon a jikin famfo yake. A nan ne bakanikenka yake da rabin gaskiya. A tsarin Ferguson, bawul ɗin sarrafawa da na kariya da masu hana komawa duk a jikin famfon suke. Amma kowannensu ana sayar da shi shi kaɗai. Bawul ɗin kariya ɗaure yake kamar noti, ana kwancewa a sa sabo. Na sarrafawa ana sauya shi. Akwai kuma kayan gyaran famfo da ake sayarwa a haɗe, da fistoci da zobba da ƙananan bawuloli. Sai in jikin famfon ya tsage ko ya cinye ƙwarai ne ake maganar sabo.

Abu na ƙarshe, ka nemi a sa geji. Bakaniken da ya san aikinsa yana da agogon awon matsi, ya ɗaura a mafitar mai ta waje, ya gwada abin da ya gani da lambar da littafin taraktar ya faɗa. In matsin bai kai ba, a fara sauya bawul ɗin kariya a sake awo. In ya dawo daidai, ka tsira da kuɗinka. In bai dawo ba, kuma sama ba ta yoyo, sai a sauke famfo a buɗe.

Abubuwan da ba a yi

Kada a cusa wa sifirin bawul ɗin kariya wasa don a ƙara ƙarfi. Wanda ya yi haka ya cire mai gadi ne daga ƙofa. Ranar da garma ta kama saiwa, silinda ko murfin sama ne zai tsage.

Kada a goge bawul ɗin sarrafawa da samfefa. Tsakaninsa da gidansa ratar ba ta kai kaurin gashi ba, in ka goge ka faɗaɗa wa mai hanya. A wanke shi da man gas mai tsabta. In ya karce, sai sabo.

Kada a mayar da tsohon zoben roba, kada kuma a yanko robar tayar keke ko a naɗa zare. A tafi da tsohon kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko inda kuka saba, a gwada faɗi da kauri, a sayi mai jure mai da zafi. A shafa masa mai kafin a sa, don kada ya yanke wajen shiga. Araha ba ta ado.

Kada a zuba baƙin man da aka juye daga inji, kada kuma a zuba mai kauri don a ɓoye yoyo. A sa irin man da littafin ya ce, musamman in birkin taraktar a cikin man yake.

Kada a buɗe ciki a fili ana iska, a shimfiɗa kaya a kan ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta zauna a mazaunin bawul ta isa ta sauke garma. A shimfiɗa leda ko tire mai tsabta, a wanke matatar famfo, mazurari da jarka su zama na mai kaɗai.

Direba ma yana da nasa. Gudu a kan burji da garma a sama, tana tsalle tana dukan man da ke cikin silinda, shi ke kashe zobe da bawul. In an tashi aiki a sauke kaya ƙasa, kada su kwana a rataye.

Ga masu jak da tifa

Wani ɗan kasuwa mai kai hatsi Dawanau ya aiko da tambaya mai kama da wannan, ya ce jak ɗin motarsa yana ɗagawa amma yana sauka a hankali. Malam, jak ɗinka ƙaramar tarakta ce: famfo na hannu, da ƙwallaye masu hana komawa, da kusar saukewa. Ka sauke shi duka, ka tsayar da shi, ka cire toshiyar robar da ke gefe, ka cika da man jak daidai bakin hudar. Ka sassauta kusar saukewa, ka buga hannun kamar sau 10 don iska ta fita, ka ɗaure ka gwada. In bai daina ba, datti ne a mazaunin ƙwallo ko sil ya mutu, a wanke a sauya. Kada ka zuba man birki, yana kumbura robar ya lalata ta. Kuma ko jak sabo ne, kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta, ka sa wa tayoyi waigi. Haka masu tifa: bodi a sama, ba a sa kai tsakaninsa da shasi sai an kafa ƙarfen tokarewa, kuma a juye kaya tukuna.

To Alhaji, ga shawararmu. Gobe da safe ka duba mai, da rana ka yi gwajin sanda, sa'an nan ka kira bakanike ku buɗe murfin gefe tare, ya nuna maka da tocila inda man ke fita. Abin da idonka ya gani shi za ka saya. Wuni ɗaya da za ka ba wannan bincike ya fi ka sa sabon famfo, garma ta ci gaba da sauka saboda zoben da ba a duba ba, ga kuɗi sun tafi, ga masu gona suna sallama a ƙofar gida. Ka kuma gaya wa waɗanda suka ba da kuɗinsu halin da ake ciki tun yanzu, don mai gaggawa ya nemi shanun huɗa kafin ƙasa ta bushe. In an gama gyara ka rubuto mana abin da aka tarar, sauran masu tarakta su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da tsautsayi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.